Abin da Aku Bai Taɓa Ji Ba

A Dajin Kwarin Gawo kowa da karatun gidansu. Zaki na mulki, Kura na gadi, barewa kuwa tana koya wa ɗanta gudu. Karatun barewa ba a yin sa da baki, don mai surutu a mashaya ba ya komawa gida. Uwa ta shinshini iska, ta buga ƙafa a ƙasa, ɗa ya zura. Haka aka koya wa Tabawa, haka ta so ta koya wa ɗanta Nomau.

Sai aka kira taro a gindin tsamiya. Dila, Sarkin Malamai, ya gabatar da wani aku daga ƙetaren kogi, wanda ya haddace duk maganar da aka taɓa furtawa a dajin, har yana ƙera sabuwa.

"Ranka ya daɗe, daga yau ba ɗan da zai sha wahalar tunani," in ji Dila. "Aku zai koyar, aku zai jarraba, aku zai ba da sakamako."

Zaki ya gyaɗa kai. Kura ta rangaɗa guɗa, Tabawa kuwa ta tsargu, don ba ta taɓa ganin Kura ta damu da ilimin 'ya'yan wasu ba. Ta miƙe, ta tambaya daga bakin wa akun ya ji labarin mashaya, tunda masu ƙaho ba sa magana a can. Dila ya yaba tambayar, ya miƙa ta ga aku. Aku ya ce mashaya gidan aminci ce, inda abinci ke zuwa da ƙafarsa. Majalisa ta yaba hikimar.

Nomau ya zo na ɗaya a ajinsu. Ana yi wa Tabawa barka, ita kuwa tsoro ya hana ta kiwo, duk ta rame.

Da rani ya tsananta suka gangara ruwa. Iska ta juyo da warin da Tabawa ta sani. Ta buga ƙafa. Ta sake bugawa. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yau ita ma gudun ya gagare ta. Nomau ya ɗago kai, ruwa na ɗiga daga bakinsa, ya ɗaga murya cikin ladabi irin na 'yan makaranta.

"Inna, me ya sami ƙafarki?"

Ciyawar da ke bayansa ta fara darewa.