Tunau da Sarautu Arba'in da Ɗaya

A bayan fadar Tudun Gauta akwai wani gida mai zaure biyu da rijiya a tsakar gida. Gidan na sarautar Sankira ne, wato mai yi wa Sarki kirari. Muddin kana kirari kana ciki, ranar da ka daina kuwa sai ka kwashe komatsanka. Jatau ne Sankira, a gidan aka haife shi, a nan yake zaune da matarsa Hansai da 'ya'yansu biyar da ƙanensa Tunau. Tunau ya ba shekara arba'in baya, ga gemu ga ƙarfi. Ba mahaukaci ba ne, kada ku ɗauki alhakinsa. Allah ya ba shi kai mai riƙe magana, abin da ya ji sau ɗaya ya zauna ke nan, sai dai bai taɓa tambayar kansa abin da ake nufi da ita ba.

Shi kuwa Sarki mutumin kirki ne, ba ya cin zalin kowa, amma yana da ciwo guda: son lambar yabo. Ban da Toron Giwa da Bangon Gabas da ya gada, gwamnati ta rataya masa lamba biyu, wata jami'a ta ba shi Dakta, direbobi sun ce Uban Tasha, mahauta sun ce Garkuwarsu, har 'yan ƙwallo ba a bar su a baya ba. Da aka tara sai da suka kai arba'in da ɗaya, kuma Sarki yana ƙirgawa a zuci in ana jero su.

Wata rana maƙogwaron Jatau ya kumbura, likita ya ce kwana arba'in ba magana. Waziri ya zo dubiya, ya sha ruwa, sannan ya ce wa Hansai, "In babu mai riƙe aikin daga gidan nan, akwai masu son gidan." Hansai ta duba hagu ta duba dama, babu namiji sai Tunau. Aka kira shi, ya jero arba'in da ɗayan nan ba tuntuɓe, don tun yana jin yayansa ya haddace. Waziri ya ce, "Madalla. Duk inda aka ambaci Sarki, ka kawo sarautunsa cif, daga ta fari har ta ƙarshe." Tunau ya ce, "To." Jatau yana kwance ya dafe kai, ba bakin magana.

Wata rana Hansai ta aiki Tunau kasuwa sayen daddawa. Yana wucewa ta rumfar mahauta sai ya ji wani yana ciniki yana cewa, "Na rantse da rawanin Sarki, naman nan na jiya ne." Tunau ya cafke masa wuyan riga, ya toshe kunnensa ɗaya da yatsa, ya fara jero sarautu. Mutumin ya yi ta fizge-fizge, ina, sai da aka kai ta ƙarshe aka sake shi. 'Yan kasuwa kuwa sun samu abin wasa. Yana yin taku uku sai wani ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki," ya tsaya ya sake daga farko. Da abin ya ishe su, don masu saye sun daina saye sun koma kallo, sai gari ya yi shawara ba tare da an zauna ba: aka daina ambaton Sarki gaba ɗaya. In ya zama dole sai a ce "mutumin nan na babban gida." Kwana uku labari ya kai fada cewa talakawa sun daina yi wa Sarki addu'a. Daddawa kuwa ba ta zo ba, miyar lami aka sha ranar.

Wata rana Sarki zai je buɗe sabuwar rijiyar burtsatse a ƙofar gari. Waziri ya ce, "Tunau, yi gaba ka gyara hanya. Ka san al'ada, kada kan kowa ya ɗara na Sarki tsawo." Abin da yake nufi, a sauko da masu hawa katanga. Tunau ya samo kara, ya je wurin motar Sarki, ya auna daidai inda rawani yake tsayawa in an zauna a kujerar baya. Ashe bai wuce ƙirjin mutum ba. Ya sauko da magini daga kan gini, ya sa wani Buzu ya gurfanar da raƙuminsa, sannan ya bi jama'a da kara ɗaya bayan ɗaya. Gajeru suka zauna a ƙasa. Dogaye ko sun zauna suna ɗara kara da hula, sai ya ce su kwanta. Wani malami ya ce, "Haba Tunau, da sabuwar shaddata?" Tunau ya ce, "Ba ni na ce ba, kara ne." Da mota ta iso, Sarki ya ɗaga hannu zai amsa gaisuwa, sai ya ga rabin garinsa a miƙe a rana. Ya tambayi direba a hankali ko annoba ce ta shigo.

Waziri ya yi faɗa har rawaninsa ya karkace. Ya ce daga yau Tunau ba ya fita, ya tsaya a fada inda ido ke kansa. Ya ƙara da cewa, "Kuma ba a yi wa Sarki magana kai tsaye. Sai ka gama sarautu tukuna, sannan ka faɗi abin da ke bakinka."

Wata rana ana zaman fada da hantsi, Tunau yana durƙushe, sai ya hango wata baƙar kunama tana hawa alkyabbar Sarki. Babu wanda ya gani sai shi. Ya miƙe ya fara, "Toron Giwa, Bangon Gabas," da gudu, gumi na zuba. Sarki ya ji daɗi, ya gyara zama yana gyaɗa kai. Ana ta goma sha biyar kunama tana gwiwa. Ana Uban Tasha tana kafaɗa. Ana ta talatin da takwas ta samu wuya. Sarki ya yi wata ƙara da ba a taɓa jin irinta daga bakin mai rawani ba, dogarawa suka baza riguna suka kare shi. Tunau bai tsaya ba, ya ƙarasa ukun da suka rage, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai kunama."

Da kumburi ya saɓe, Sarki ya yanke hukunci: bayan taron ranar Juma'a, iyalin Jatau su bar gidan. Bai kore su nan take ba don babu wani a garin da ya haddace arba'in da ɗayan. Hansai ta yi kuka har ta gode Allah. Ta ɗaure kwanuka a zane, ta naɗe tabarmi, ba ta san ko ina za su dosa da yara biyar da mara lafiya ba. Tunau ya zo zai taya ta, ta ce, "Don Allah kada ka taɓa komai." Ya koma gefe ya ɗaga hannuwansa sama, haka ya wuni.

Taron kuwa na wasu baƙi ne su uku masu kwat, daga wata ƙungiya mai dogon suna. Sun zo naɗa Sarki Gwarzon Sarakunan Afirka, suka ce shi kaɗai aka zaɓa a nahiyar duka. Abin da suke nema ɗan kaɗan ne, in ji su: Sarki ya sa hannu ya ba su fadamar gari su gina cibiya da sunansa. Fadamar nan ita ce tumatir da albasar rabin garin. Manoma sun ji zafi, fadawa sun sani, amma wa zai faɗa?

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci fada ta cika. Takarda tana gaban Sarki, alƙalami yana hannunsa. To a al'adar Tudun Gauta baƙo ba ya ɗaukar kaya a fada, kuma abin da ya kawo a fili ake baje shi kowa ya gani. Babban baƙon ya miƙe zai ɗauko ɗan akwatin lamba da ya bari a kujerar mota, Waziri ya ce, "Zauna, Alhaji. Tunau, je ka motarsu ka shigo da abin da suka kawo, duka."

Tunau ya ɗauki ɗan akwatin, sannan ya ce wa direban baƙin ya buɗe but ɗin mota. Direba ya ce na baya ba na nan ba ne. Tunau ya ce, "An ce duka." Direba ya tare, Tunau ya ɗaga shi ya ajiye gefe. Sai ga shi ya shigo fada da buhu a ka, ya zazzage a gaban Sarki. Lambobi suka tarwatse a kan darduma, sun fi sittin, iri ɗaya sak, ga takardun shaida a ɗaure da kyauro. Tunau ya jero sarautu tukuna, ba wanda ya iya katse shi, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, buhu guda suka kawo maka, amma na ga alama ɗaya za su ba ka su gudu da saura."

Sarki ya ce Waziri ya karanta takardun. Ta farko, Gwarzon Sarakunan Afirka, shi kaɗai, Sarkin Kwarin Tsamiya, wanda ko gaisawa ba sa yi da Sarki. Ta biyu, wani dagaci da Sarki ya naɗa da hannunsa bara. Sauran ma ba suna, an bar fili sai an samu mai fadama. Sarki ya ajiye alƙalami. Ya ce a raka baƙi mota da buhunsu, kada a taɓa su, kada kuma a ba su ruwa. Ya daɗe yana kallon Tunau, kunya da dariya suna kokawa a fuskarsa, sannan ya ce, "Waziri, a gaya wa matar Sankira ta kwance kayanta. Gidan nan nasu ne, ko da murya ko babu."

Kafin Tunau ya isa gida labari ya riga shi. Hansai tana kwance ƙullin kwanuka tana kuka tana dariya. Jatau ya lallaɓo ya fito zaure, saura kwana biyu wa'adin likita ya cika, amma ya kasa haƙuri. Shekara ashirin yana yi wa mutum ɗaya kirari, bai taɓa yi wa ɗan'uwansa ko kalma ba. Ya toshe kunne, ya buɗe baki da 'yar dasasshiyar murya: "Bangon gidanmu, ɗan'uwa rabin jiki, mai ɗaukar buhu a gaban manya."

Tunau ya waiga bayansa, ya leƙa waje, ya duba hanya har ƙarshenta. Ya dawo ya dafa kafaɗar yayansa ya ce, "Yaya, adana muryarka. Bai iso ba tukuna."