Kawu Nomau da Jinyar Inna

Shekara bakwai na yi ban taka Unguwar Ɗinya ba. Na yi dakon albasa a Fatakwal, na yi gadi a Legas, na leƙa har Kwatano. Da na dawo sai na tarar an cike tsohuwar rijiya an kafa famfo mai sola, an sare ɗinyar da garin ya ci sunanta, mai shayi ya koma cajin waya. Kawu Nomau kaɗai na samu yadda na bar shi.

Ƙanin Inna ne, shekararsa arba'in da wani abu, bai taɓa aure ba, a shagon zaurenmu yake kwana. Gidan su biyu ne, shi da Inna, sai awaki uku da kaji. Mutum ne mai ƙarfi da tsoron Allah, amma in ka ce masa ya tsaya nan, ko ruwan sama aka sauke nan za ka same shi.

Aikin da aka yi wa Inna ne ya dawo da ni, an cire mata ƙari a ciki. Ranar sallama, Sista Rahila ta ƙaramin asibitin da ke gaba da mu ta zaunar da ni da Kawu. Ta ce in ɗinkin nan ya buɗe, sai an sake komawa birni a sake yanka, kuma jikin Inna ba zai ɗauki na biyu ba. Ta lissafa mana: zogale, wake, ƙwai, romon kaza, kada a rasa su kusa da ita. Kada ta ɗaga abin da ya fi buta nauyi. Ta riƙa yin taku ɗari kullum. Duk wani sabon abu da za ta ci ko ta sha, a nuna mata tukuna. Ni rabin hankalina yana tasha. Kawu kuwa ya haɗiye maganar duka.

Wata rana da hantsi muka ji ana jan wani abu ta zaure. Kawu ne da bishiyar zogale sukutum, har da saiwa da ƙasa. Ya haƙa rami a bakin ƙofar ɗakin Inna ya dasa. Bai gama take ƙasar ba sai ga Malam Ilu maƙwabcinmu, hula a hannu.

"Nomau! Ganye na ce ka ɗiba!"

"Sista ta ce kusa da ita. Bayan gidanka da nisa."

Inna ta yi ta ba da haƙuri daga kan gado. Malam Ilu ya dubi ramin, ya ce a bar shi, amma shi ma zai riƙa zuwa tsinka.

Wata rana na lura Inna ba ta ƙara kumari, alhali kaji biyu sun tafi. Na laɓe a bakin madafa. Sai ga Kawu ya ɗauki buta a hannun hagu, kwanon romo a dama, yana jinjina su. Ya girgiza kai, ya kafa baki ya sha. Ya sake jinjinawa, ya tsamo cinya ya cinye.

"Kawu, me ke nan?"

"Ya fi buta nauyi. Ina rage wa Yaya ne." Ya lashe yatsa. "Kwana huɗu ke nan ina wannan wahala."

Daga ranar aka koma zuba mata a ƙaramin kwano sau uku.

Wata rana kuma ya fitar da ita tattaki yana ƙirgawa da ƙarfi. Ɗari ta cika a tsakiyar hanya, cikin rana, daidai gaban masu faci.

"Yaya, tsaya. Sun ƙare."

"Kai Nomau, to gida fa?"

"Sai na gobe."

Ya bar ta a tsaye ya ruga ya aro baron mai yashi, ya shimfiɗa rigarsa a ciki. Haka aka shigo da Inna gida, tana dafe da ciki tana roƙon kowa ya daina ba ta dariya don Allah, ɗinki yana ja.

Batun nunawa kuwa, Sista Rahila ta sha kallo. Ya kai mata gwanda. Ya kai mata kunun gyaɗa ya dawo da shi a sanyaye. Da aka ce Inna ta fara shan madarar akuya, akuyar ya ja har ɗakin allura.

Wata rana, a mako na uku, Goggo Tabawa ta zo, yayar marigayi babanmu, wadda ba a yi mata musu a dangi. Ta dire tukunyar jiƙo baƙi ƙirin.

"Lantana, tashi ki sha. Dattin aikin nan duk yana cikinki. Kofi biyu, ya wanke ki tas, jibi ki kama daka."

Inna ta kalle ni. Ba za ta iya ce wa yayar mijinta a'a ba. Ni kuma, in faɗi gaskiya, jibin nan ce ta shiga kunnena, don wani direba ya yi mini alkawarin aiki a Agadas. Na ce, "Inna, ki sha mana, maganin gida ne."

An tsiyaya, kofi ya kusa bakinta, sai Kawu ya shigo. Ya karɓe kofin, ya juye a tukunya, ya ɗora tukunyar a ka.

"Ina za ka kai min magani, sakarai?"

"Sabo ne. Sista ba ta gani ba."

"Ni da na yi wa uwarka jinya?"

"Ita ma ai ta rasu, Goggo."

Ya fice. Goggo ta bi shi da sanda, ni na bi Goggo, muka yi jerin gwano har asibiti. Sista ta sa cokali ta tsamo ganye, ta tambayi nawa aka zuba. Goggo ta ce ganyen filasko ne, tafin hannu uku, don ya yi aiki da kyau. Sista ta ajiye cokalin. Ta ce wannan zai sa mai lafiya ma ya wuni yana murɗa da zawo, balle mai ɗanyen ɗinki. Da ta sha, yunƙurin kaɗai ya isa ya farke shi. Goggo ta hau gyaran mayafinta. Ni ma ban sami inda zan sa idona ba.

Kawu ya ce, "To in mayar mata ko in zubar?"

Na ƙara wata guda a gida, aikin Agadas ya wuce ni. Ɗinki ya kame, Inna ta koma share tsakar gidanta, zogalen bakin ƙofa ya yi sabon toho. Ƙafata kuma ta soma ƙaiƙayi, an ce ana neman masu lodi a Maraɗi.

Yau da safe ina ɗaure jaka, Inna ta tsaya daga bakin ƙofa. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Wannan, ka tafi abinka, ina da mai jinya." Kawu ya shigo ya cusa mini ƙullin busasshen zogale a jaka, ya ce in ci ba fargaba, Sista ta gani. Sannan ya ɗauki jakar a dama, buta a hagu, ya jinjina.

"Ta fi buta," in ji shi. "Ni zan kai maka tasha."