Shafi Ɗaya a Littafin Damir

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara wa bawan Allah jama'a a kan shafi ɗaya na littafinsa ba. A Alƙahira ne, shekarar 2013, lokacin da gari ya rikice da zanga-zanga, kowa na kallon kowa a kaikaice. Mu ɗalibai baƙi abu guda ke ranmu, iƙama, wato takardar izinin zama. An sha ja mana kunne cewa in aka kama mutum ɗaya a gida, duk 'yan gidan ake kwashewa a zuba a jirgi. Ni kuwa saura shekara guda in gama. Da wane baki zan gaya wa mahaifina an koro ni?

A unguwar Abbasiya nake haya da wani ɗan ƙasar Kuroshiya mai suna Damir, Musulmi, ya zo koyon Larabci. Shiru-shiru ne, ga tsafta, har kwanukan da na ɓata yakan wanke. (Daga baya har wannan kirkin na sa a cikin hujjojina. Wa ke wanke wa ƙato kwano haka siddan?)

Wata Talata da hantsi na shiga kicin neman ashana, sai ga littafinsa a buɗe kusa da butar shayi. Ya raba shafin gida biyu da rula. Hagu Turanci ne: attack, strike, hit, assault, da 'yan'uwansu har ƙasa. Dama kuma yarensu, napad, udarac, da wasu masu ƙahoni a kan baƙaƙe. A sama ya rubuta Alhamis, ya ja mata layi biyu da jan biro. Hari, duka, farmaki, ga kuma rana an tsayar! Na ɗauki hoto da wayata, amma ban juya shafin ba, wai kada zanen yatsuna ya fito a jiki.

Mai hankali jira zai yi ya dawo ya tambaye shi. To, mu an raine mu a kan ba a tarar mutum gaba da gaba da magana mai nauyi, sai an nemo babba. Kafin neman babban ma sai da na kwashe fasfona da takarduna na kai ajiya wajen wani abokina a unguwar Arba wa Nus. Washegari da safe Damir ya fita, na bi sawunsa a metro, jirgin ƙasa na cikin gari, har Wustul Balad, wato tsakiyar birni. Ku duba fa, dogon Bahaushe cikin farin kaftani da hula, wai shi ne ke laɓewa a bayan Misirawa. Na ga ya shiga wani tsohon bene, bayan awa biyu ya fito da takardu a hannu. Shi ke nan, a wurina magana ta tabbata.

Kai tsaye na wuce wajen Malam Sani, mai karatun digirin digirgir, wanda duk rigimar ɗalibanmu a falonsa take ƙarewa. Ya daɗe yana duban hoton, ya ce, "Ka tambaye shi?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai irin waɗannan ba a tambayarsu." Bayan la'asar ya zo gidanmu da wasu ɗalibai biyu, ni ina gaba ina ta hura hanci.

Damir ya yi murna da baƙi, har ya dafa mana shayi. (Ban sha ba. Kun san dalili.) Malam ya yi ta kewaye-kewaye cikin Larabci a kan haƙƙin maƙwabtaka, can dai ya miƙa masa wayar. Damir ya duba, ya dube ni, ya tashi ya ɗauko littafin ya ajiye a gabanmu.

Ya juyo shafin baya, na kalmomin girki ne, soya da dafa da gasa. Na bayansa na ciwo da magani. Akwai na dariya da kuka, akwai na tafiyar dabbobi. Ashe Turanci yake koyo a benen nan don yana neman aikin fassara, kuma haka malamarsu ke koyarwa, kowane mako dangin kalmomi guda, kowace Alhamis gwaji. Wannan makon duka da suka ne suka faɗo.

"Na gan ka a metro ɗazu, ya akhi," in ji Damir. "Sau biyu na ɗaga maka hannu kana shigewa bayan wata mata. Na ɗauka fushi kake da ni."

Ɗaya daga cikin ɗaliban ya ƙware da shayi. Ni dai ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam Sani ya juyo a hankali, ya koma Hausa don ya rufa mini asiri: "Kai ba hadisi kake karantawa ba? Shekara uku ana koya maka tantance labari kafin a karɓa, shi ne ka taso ni da ruwayar shafi ɗaya?"

Ban gama haɗiye wannan ba Damir ya buɗe shafin gaba, inda ya jera kalmomin suka da aibata mutum, ya cire murfin biro. "Ku 'yan Najeriya kun iya Turanci. Wannan da ka yi mini, me ake ce masa? Wataƙila ya fito gobe." Babu alamar gatse a fuskarsa, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Da bakina na ce suspicion, wato zargi, ya ce in maimaita a hankali, na yi ta jero masa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa a gaban kowa.

Iƙamata ba abin da ya taɓa ta, na gama karatuna lafiya. Mutuncina ne ya sha kashi, don har na bar Masar ɗalibai Jami'in Tsaro suke kirana. Yanzu in aka kawo mini zancen wani, ko da hoto aka haɗo, nakan ce a je a juyo mini shafi na gaba tukuna.