Ranar da Tankin Boko Ya Yi Wa Manya Wanka

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a garin Boko ba, ko da na tsufa haƙora sun zube. Ni ne na fara kawo wa Kankiya na'urar da ke sa tankin ruwa ya yi magana da injin burtsatse ba tare da an ja waya ba: tanki na cika sai ta aika saƙo, inji ya kashe kansa. (Har gobe ina taƙama da wannan.) Sai dai kowa ya zo shago kallo yake yi ya wuce. Ina dab da rufe shagon, kwamitin ruwa na Boko suka ce in ɗaura musu ɗaya. In ta yi aiki a gaban manyan ƙaramar hukumarsu ta Kusada, sauran garuruwa ma za su saya.

Na ɗaura, na gwada, lafiya lau. Da zan tafi na ce wa shugaban kwamitin, Malam Haruna, "Baba, a kula da ita sosai."

Ranar gwaji na sha shadda, har da babbar riga. An jera kujeru a ƙarƙashin tanki don nan ne inuwa. Aka tada inji, na ce kowa ya naɗe hannu ya ga ikon Allah.

Tanki ya cika. Inji bai ko nuna ya ji ba. Ruwa ya kwararo shaa a kan rawanin dagaci, manya suka watse riƙe da takalma. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Na tattare riga na haye tsani, sai na tarar da na'urata a cikin akwatin ƙarfe, an datse da kwaɗo.

"Ai kai ka ce a kula da ita, ɗana," in ji Malam Haruna daga ƙasa. "Abu mai daraja ba a barinshi a fili. Mai walda muka sa ya yi mata ɗaki."

To saƙo ba ya ratsa ƙarfe. Aka miƙo makulli, ina buɗewa inji ya yi ɗif.

Dagaci yana matse rawani ya ce, "Ashe tana jin magana, baki aka toshe mata. A kai wa maƙwabta ma."

Shagona bai rufe ba. Amma tun daga ranar, in na ce a kula da kaya, sai na tsaya na faɗi iyakar kulawar.