Ranar da Na Tura Surukina Ganin Likita

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin da na ba surukina shawara ya je likita ya duba masa zuciya ba. A lokacin bai ma zama surukin nawa ba tukuna, abin da ya ƙara wa lamarin muni ke nan.

Habiba nake nema. Ta amince, mahaifiyarta ta amince, saura mahaifinta. Alhaji Garba tsohon soja ne da ke zaune a Barnawa, mutum ne da ba ya cewa e, ba ya cewa a'a, sai dai ya dube ka tun daga hula har takalmi. Duk sanda na nemi izinin turo magabatana, sai ya ce a dakata tukuna. Habiba ce ta kawo dabara. Ta ce kowace Asabar bayan asuba babanta yakan fita sassarfa da amininsa Baba Yohanna, wanda suka yi soja tare, su nufi Narayi su dawo.

"Ka bi su ko sau ɗaya ne," in ji ta. "Baba yana son mutum mai ƙwazo."

Ni kuwa shagon waya gare ni a Makera. Duk motsa jikina bai wuce ɗaga ƙofar shago da safe da sauke ta da yamma ba (ita ma sau da yawa maƙwabcina nake kira ya kama mini). Amma na ce tsofaffi biyu ne fa, me zai gagara? Na sayi kambas sabo fil, na zaro agogon nan mai auna bugun zuciya daga cikin kayan sayarwa na ɗaura.

A nan ya kamata in yi wa kaina adalci. A sana'armu, duk lambar da ta fi girma ita ce ta fi kyau. Batir mai babbar lamba ya fi, kyamara mai babbar lamba ta fi, ma'ajiyar waya ma haka. Shekara da shekaru abin da nake gaya wa masu saye ke nan, har ni ma na yarda. Ban ga dalilin da zuciya za ta fita daban ba.

Muka kama hanya. Tsofaffin nan suna tafe suna hirar fansho da tsadar taki, kamar a kan tabarma suke. Ni ina bayansu, numfashina yana fita da wata ƙara da ban taɓa sanin ina da ita ba. Da muka fara hawan wani ɗan tudu na duba agogo, sai na ga ɗari da tamanin da wani abu. Wallahi daɗi na ji. Na tattara sauran ƙarfina na matso kusa da Alhaji, na leƙa nasa agogon, wanda ɗansa ya aiko masa. Ɗari da goma da 'yan kai. Sai tausayinsa ya kama ni.

"Baba," na ce, ina tsinka maganar gida-gida saboda haki, "naku ya yi ƙasa sosai. Ga nawa nan. Da za a daure a ga likita. Irin wannan ba a wasa da shi."

Alhaji ya dubi agogona, ya dubi fuskata. Baba Yohanna ya yi wani tari mai tsawo yana kallon gefen titi. Can Alhaji ya ce, "Yohanna, yau mu taƙaita." Muka juya. Na ce a raina, ka gani ko, tsohon ya gaji, maganata ta shige shi.

Yadda na kai ƙofar gidan Alhaji, Allah kaɗai ya sani. Da muka isa na tsuguna har ƙasa in yi sallama, kamar yadda ya dace da mai neman aure. Na yi godiya, na ƙara jaddada maganar likita, sannan na miƙe zumbur irin na masu ƙwazo. Abu na ƙarshe da na gani shi ne ƙofar gidan tana kwanciya a gefe.

Da na farfaɗo, ƙafafuna suna sama, Baba Yohanna ya riƙe su yana cewa, "Easy, yarona, easy, ja numfashi." An naɗe mini riga har ƙirji, tumbina yana kallon duk wanda ya fito sayen ƙosai. Kaina kuwa yana kan cinyar Alhaji Garba, yana tura mini dabino a baki. Ni da ko ruwa ban taɓa yarda na sha a gabansa ba. Na tauna. Ya ƙara mini, na sake taunawa. Labulen tagar sama ya motsa, na san ko wace ce, sai na mai da idona na rufe. Kunya ta sa na so a ce suman bai ƙare ba.

"Buɗe idonka, na san ka tashi," in ji Alhaji. A ranar ya yi mini magana mafi tsawo tun da na san shi. Ya ce kowace zuciya tana da iyakar bugun da ba ta wucewa, kuma shekaru ne ke rage wannan iyaka, motsa jiki ba ya ɗaga ta. Abin da motsa jiki ke yi shi ne ya sa zuciya ta yi aiki mai yawa da bugu kaɗan, ta kuma huce da wuri. "Ƙaramin janareta ne ke ihu in an jona masa firiji," in ji shi. "Kai ka kai maƙura tun muna ɗumama jiki. Likitan nan da ka ce in gani, kai za ka fara zuwa."

A keke mai ƙafa uku aka mai da ni gida. Na kashe waya, na kwanta, na fara tsara yadda zan yi rayuwa ba Habiba. Na je wurin likitan ma, ya gwada ni, ya ce ba ciwon da ke damuna sai zama.

Ana nan sai ga saƙo, wai in turo magabatana. Kawuna da ya jagorance su ya dawo yana ta kallona, ya ce bai gane abin da Alhaji yake nufi ba. Wai cewa ya yi, "Na ba shi. Yaron ba shi da lafiyar tafiya, amma yana gab da faɗuwa lafiyata yake tambaya. Sharaɗi ɗaya ne, kowace Asabar ya zo."

Har yau ina zuwa, kuma har yau a baya nake. Abin da na koya shi ne, in ka ga lambarka ta fi ta kowa, ka fara tambaya ko gasar ta masu yawa ce ko ta masu kaɗan kafin ka buɗe baki. In kuma ka tsuguna a gaban surukinka, ka tashi a hankali.