Ranar da Na Zauna a Kan Akwatin Injiniya

Ba zan taɓa mantawa da wani akwati mai ruwan ɗorawa ba. Jikata ce ke rubutawa ina faɗa, kuma in magana ta tsinke ku yi haƙuri, kuka ne ke tare ni, don bana Malam, mijina, ya rasu. Allah Ya jiƙansa.

A shekarun tamanin ne, lokacin yana lebura a wata gonar gwaji wajen Kadawa. Aikinsa ɗaukar akwatin nan da ake auna damshin ƙasa da shi. Rannan na rasa ɗan aike, sai na yafa mayafi na kai masa abincin rana da kaina. Na iso a gajiye, ba kowa a bakin kanal, wato magudanar ruwan ban-ruwa, sai akwati a inuwa. Na haye na zauna, har da miƙe ƙafa.

"Baiwar Allah, tashi! Tashi daga nan!" Injiniyan da Malam ke yi wa aiki ne ya taho a guje.

Da ya ga na firgita sai ya sassauta murya, ya shiga yi mini bayani. Wai kowane abu a duniya tarin ƙananan ƙwayoyi ne, kowace ƙwaya da cibiyarta. A cikin cibiyar akwai masu ture juna, akwai kuma ƙarfin da ke ɗaure su, amma igiyarsa gajera ce. In cibiya ta cika girma, sai ta zama kamar damin dawa da ya fi ƙarfin igiyarsa, ta yi ta zubar da zangarniya. Irin wannan ce a cikin akwatin, kullum tana feso abin da ido ba ya gani, yana ratsa jikin mutum.

Nan na daina ji. (Bawan Allah bai gama ba, ni ce na gama.) Na dire kwano na kama hanya ina salati, ina jin abin yana yawo a cinyoyina.

Ina isa gida na ce tunda tafiya ta zo, bari in tafi ba haƙƙin kowa a kaina. Na bi gida-gida ina neman gafara. Na sauke jeren kwanukana na aure na raba. Asabe, maƙwabciyata, tana ta "Wayyo Yaya, kada ki tafi ki bar mu," amma hannunta na kan babbar langar nan mai fure. Na kwanta na fuskanci gabas, mata suka cika ɗaki.

Da la'asar sai ga Malam da Injiniya a babur. Injiniya ya tsaya a zaure ya ɗaga murya, duk unguwa na ji: "Ku gaya mata abin a kulle yake cikin kwansonsa! Ɗan zaman da ta yi ba zai yi mata komai ba. Mu dai ba ma so a mai da shi kujera."

Can wata tsohuwa ta ce, "To, a ci gaba da kukan ne ko a tashi?"

Malam ya leƙo, kafaɗarsa na rawa don dariya. "Sannu da dawowa. Yaya kika baro mutanen can?"

Na ja zane na rufe fuska, na rantse ba zan iya fita karɓo ko murfi ba. Shi ya ɗauki buhu ya bi gidajen, yana sallama yana cewa marigayiya ce ta aiko shi. Duk ya dawo da kwanukan, ban da langar Asabe, wadda ta ce ai ita ta riga ta yi kukan.

Har ya tsufa, in yana son tsokanata, marigayiya yake ce mini. Yanzu da zan sake jin ta a bakinsa ko sau ɗaya, da na ba Asabe sauran kwanukan.

Abin da na koya dai, in mai ilimi na magana, ki bari ya kai ƙarshe. In kuma mutuwar ce, ki mutu tukuna, masu rai sun iya rabo.