Keken da Ciyaman Ya Ƙaddamar

Duk wanda bai san Alhaji Bubayero ba a Dutse, to ko dai baƙo ne, ko kuma Allah ne ya rufa masa asiri. Mutum ne da tausayi ya yi wa yawa har yana zuba. Da zarar ya ji labarin mara lafiya sai ka ga idonsa ya kawo ruwa, musamman in akwai mai ɗaukar hoto a kusa. Ya yi ritaya daga aikin gwamnati yana mataimakin darakta, amma ranar da zai bar ofis sai ya manta da "mataimaki" a kan tebur, ya taho gida da "darakta" kaɗai. Tun daga nan yake neman inda zai zuba basirarsa, har Allah ya haɗa shi da Ƙungiyar Tallafa wa Masu Jinya ta Yalwawa.

Matan unguwa ne suka kafa ƙungiyar, irin waɗanda ke da tsoho ko tsohuwa a kwance a ɗaki, su juya, su wanke, su ba da abinci a baki. Aikinsu ba shi da wani ado. Yau ki zauna wa maƙwabciyarki da mara lafiyarta ta je kasuwa, gobe ta zauna miki ki samu ki rintsa. Da aka zo maganar rajista aka ce sai da kwamitin amintattu, kuma aikin sa kai ne, babu albashi. Nan Alhaji Bubayero ya sadaukar da kansa ya zama ciyaman, tun kafin a roƙe shi. Mako bai zagayo ba ya naɗa wa kansa sarautar Garkuwan Majinyata. Matan kuwa a bayan idonsa Alhaji Jawabi suke ce masa.

Kada a zalunce shi, yana da mataimaka na gari. Akwai sakatare, Malam Maharazu, wanda Allah ya yi wa baiwar gyaɗa kai, bakinsa bai san wata magana ba sai "Haka ne, Ciyaman." Akwai Hajiya Mashkura, shugabar mata, wadda ta yi imani babu ciwon da anko ba ya sauƙaƙawa. Su ukun nan babu wanda ya taɓa juya majinyaci. Shi Ciyaman ma in ziyara ta kama shi, daga bakin ƙofa yake tsayawa, hankici mai turare a hanci, ya yi addu'a da ƙarfi yadda na waje za su ji.

Ana nan sai wani ɗan unguwa da ke aiki a Fatakwal ya aiko wa ƙungiya da keken guragu, sabo fil a cikin leda. Ba a buƙatar zama don a san wanda ya dace da shi. Kowa ya san Malam Jaji, tsohon ladanin unguwa, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, 'yarsa Safiyatu ke jinyarsa ita kaɗai tun rasuwar mahaifiyarta. Masallacin Juma'a yana nan ƙarshen layinsu. Duk Juma'a tsohon yana jin kiran salla daga kan katifa, sai ya juya fuska bango, hawaye na bin gefen da ba ya motsi. Samarin layi sun sha cewa za su ɗauke shi, ya ƙi, ya ce shi ba buhun gero ba ne da za a sauke a sahu. Burinsa ɗaya ne, ya shiga masallacin nan a zaune da mutuncinsa, ko sau ɗaya ne.

Safiyatu ta roƙi maƙwabciya ta zauna mata, ta zo zaman kwamiti, ta durƙusa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, maganar keken nan ce. Ko aro ne a ba mu, Baba ya je Juma'a, mu dawo da shi."

Ciyaman ya gyara zaman hula, ya dube ta da tausayin da ya tanada don irin wannan rana. "'Yata, tashi. Kukanki ya iso inda ya kamata. Keke na mahaifinki ne, ni Garkuwa na faɗa. Amma ki sani ƙungiya ba kasuwar Shuwarin ba ce da za a miƙa kaya a juya. Akwai tsari. Abin da ba a ƙaddamar ba, a idon hukuma babu shi. Sai an sa rana, an gayyato babban baƙo, an yanka ƙyalle, sannan duniya ta shaida."

"Haka ne, Ciyaman," in ji Malam Maharazu.

Safiyatu ta yi godiya, don ba ta ga abin da za ta yi ba in ba godiyar ba. Ta koma da sauri, lokacin juya Baba ya yi.

Daga nan aiki ya kankama, kuma wallahi an sha wahala. An yi zama a kan launin ƙyallen da za a yanka, aka tashi baram-baram. An yi wani a kan anko, Hajiya Mashkura ta tafi Kano ta dawo da atamfa kala biyu, aka sake zama don a zaɓa. An kai keken wurin mai fenti ya rubuta a bayansa da manyan baƙaƙe cewa an samar da shi a ƙarƙashin jagorancin Alhaji Bubayero, Garkuwan Majinyata. Sunan wanda ya aiko da shi bai samu wuri ba, bayan keke ba shi da faɗi. Aka mayar da leda aka naɗe. Keken ya tare a falon Ciyaman, can unguwar manya, kusa da talabijin, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa.

Babban baƙo kuwa ya zama kamar ruwan ƙarshen damina. Yau yana Abuja, gobe ya tafi Umara, jibi surukarsa ba lafiya. Juma'a na zuwa tana wucewa, gero ya yi kai aka girbe, Malam Jaji na kwance yana jin kiran salla.

Kada kuma a ce Ciyaman ya manta da shi. Wata ranar Laraba ya sa aka ɗora keken a adaidaita aka kai har gidan, domin a ɗauki hoton da za a buga a allon taro. A ranar ya yi jarumta, ya shiga ɗakin har tsakiya. Aka ajiye keken dab da katifa. Tsohon ya miƙa hannunsa mai lafiya ya shafa tayar ta saman leda, bakinsa na rawa, yana ƙoƙarin faɗin wani abu. Safiyatu ta sunkuya ta saurara, ta ɗago ta ce, "Alhaji, cewa yake jibi Juma'a."

"Madalla, ƙwaƙwalwarsa garau take," in ji Ciyaman. "Malam, a ƙara haƙuri, an kusa. Kai mai hoto, ka ɗauko hannun nan nasa, shi ne zai taɓa zuciyar jama'a."

Aka ɗauki hannun. Aka ɗauki keken aka fita da shi. Ban san abin da Safiyatu ta ji a ranta ba, amma ni da nake ba da labarin, duk sanda na zo nan sai raina ya ɓaci.

Bayan wannan ne mutanen Yalwawa suka fara damun Ciyaman da waya, shi kuwa ya daina ɗauka, domin shugaba ba ya aiki da matsin lamba. Da babban baƙo ya sake ɗagawa, sai wani tunani ya faɗo masa wanda ya yi mamakin yadda bai zo masa tun farko ba. Wane baƙo ake nema da ya fi Garkuwa girma? Nan take ya sa ranar Asabar, ya aika a sanar da unguwa, ya kashe waya, ya shige ɗaki ya kwana biyu yana tsara jawabi.

Ranar Asabar da hantsi Malam Maharazu ya iso yana ta murza hannu. Ya ce, "Ciyaman, akwai wata 'yar magana da na ji jiya..."

"Bayan taro, Sakatare."

"Haka ne, Ciyaman."

Suka ɗunguma, Ciyaman a gaba cikin mota da babbar riga mai aiki har gwiwa, keke da lasifika da mai hoto a adaidaita a baya. Suna karyo kwanar layin sai ga rumfa an kafa a ƙofar gidan Malam Jaji, tabarmi a shimfiɗe, maza cike, dattawa da samari, har da mutanen Kiyawa da ya gane. Zuciyar Ciyaman ta yi fari tas. Ashe dai mutanen nan sun san girma. Bai ga matan anko ba, ya ce a ransa suna ciki suna shirin guɗa. Ya lura jama'a sun yi tsit, wasu na jan carbi, ya ce lallai kwarjini abu ne da ba a saya.

Aka sauke keke a tsakiyar rumfa, aka ɗaura masa koren ƙyalle. Ciyaman ya karɓi makirfo, ya ɗaga almakashi sama.

"Jama'ar Yalwawa, yau ranar tarihi ce! An ce ba za a iya ba, ga shi an iya. Ni Garkuwa ban yi barci ba, ban huta ba, sai da na ga wannan bawan Allah ya samu abin zuwa masallaci. Daga yau Malam Jaji ya daina jin salla daga ɗaki! A fito da shi ya ga abin arziki!"

Babu wanda ya tafa. Wani yaro ya soma dariya aka make shi. Can sai Malam Yahuza, maƙwabcin gidan, wanda suka yi ƙuruciya tare da Malam Jaji, ya ɗago kai ba tare da ya tashi ba.

"Alhaji, ai ya riga ya je. Jiya bayan an idar da Juma'a muka kai shi. A kafaɗa."

Lasifikar ta yi wata ƙara ta yi shiru. Ciyaman ya dubi rumfa, ya dubi tabarmi, ya dubi carbi, sai yanzu kowanne ya koma masa abin da yake. Ya juya wajen Malam Maharazu, wanda a karon farko a rayuwarsa ya rasa abin da zai gyaɗa wa kai. Almakashin na nan a sama, ya manta bai sauke ba.

Dattawa suka ce a zauna a yi addu'a, tunda an zo. Nan wata matsalar ta taso. Rabon Ciyaman da zama a tabarma tun kafin ya zama mataimakin darakta, gwiwoyinsa sun daɗe da yin ritaya, kuma a wurin zaman makoki babu kujera. Ya gwada durƙusawa, gwiwa ta ce ba da ita ba. Yana nan tsaye yana gumi, sai muryar Safiyatu ta fito daga bayan labulen zaure, kowa ya ji.

"Kawu Yahuza, a cire ledar nan Alhaji ya zauna. Kada a ce ya zo gaisuwar Baba mun bar shi a tsaye."

Malam Yahuza ya tashi da kansa. Bai nemi almakashi ba, hannu ya sa ya tsinke ƙyallen, ya yage ledar, ya turo keken har bayan gwiwar Ciyaman. Gwiwar ce ta yanke hukunci. Garkuwan Majinyata ya zube a ciki, babbar riga ta rufe tayoyi, sunansa na sheƙi a bayansa, ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Mai hoto, da yake an ce masa kada ya kuskura ya rasa lokacin da aka fara hawa keken, ya yi aikinsa tsakani da Allah.

Hoton ya zaga wayoyin Dutse kafin la'asar. Har yau in ka je Yalwawa ka tambaya mutum nawa kwamitin ya taɓa ɗorawa a keke, za a ce maka mutum ɗaya ne, kuma da ƙafarsa ya zo.